Kwaɗo A Ƙofa, Baƙo A Ɗaki: Jawabi Kan Sirrin Mutum A Intanet

Wani malami masanin ilmin kwamfuta ya yi wa taron 'yan kasuwa da ɗalibai jawabi a Jos, babban birnin Jihar Filato, a kan yadda ake tsare sirrin mutum in ya shiga intanet, da kuma haɗarin 'yan ƙananan manhajojin nan da jama'a ke liƙa wa burauzarsu ba tare da sun san abin da suka shigo da shi gida ba. An kawo jawabin a wannan shafi ne domin amfanin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal, waɗanda yawancin cinikinsu da zumuncinsu da gida yanzu ta waya yake bi.

Malamin ya fara da tuna wa jama'a yadda saƙo ke tafiya tsakanin Kudu da Arewa a zamanin da. Ya ce mutumin da ke zaune a Sabo ta Badun, in yana son ya aika gida, sai ya tafi bakin gidan waya wurin mai rubuta wasiƙa, ya faɗi abin da ke ransa a rubuta masa, a sa a ambulan a liƙe, sa'an nan a ba direban babbar mota ko a jefa a akwati. Ambulan ɗin nan ya tsare maganar daga direba da yaran mota, amma bai tsare ta daga mai rubutun ba, domin shi ya riga ya ji kome tun kafin a liƙe. Ya ce duk abin da zai faɗa a zaman nan bai wuce wannan ba: ambulan na intanet yanzu ya yi ƙwari ƙwarai da gaske, saura a san wanda ke zaune kusa da mutum sa'ad da ake rubutu.

Ya ce maganar ba ta 'yan boko kaɗai ba ce. Tumatir da kabeji da karas da ake lodi a kasuwar Farin Gada, da dankalin Turawa na Bokkos da Mangu, suna sauka a Mil 12 ta Ikko, kuma tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, kuɗinsu ya koma bin waya fiye da yadda yake bin aljihu. Haka nan rajistar jarrabawar shiga jami'a, da neman fasfo, da neman aiki, duk sai an shiga burauza, watau manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome da Firefox da Opera da Safari.

Yadda aka kulle hanya

Mai jawabin ya bayyana cewa sa'ad da aka fara shafukan intanet, a buɗe saƙo yake tafiya, kamar katin gaisuwa wanda ba shi da ambulan. Duk na'urar da ya ratsa ta cikinta, tun daga ta mai shagon kafe har zuwa ta kamfanin waya, tana iya karanta shi, har ma ta sauya wani abu a ciki. Adireshin irin wannan shafi da http yake farawa. Wani kamfani na Amurka mai suna Netscape shi ya fito da dabarar kulle saƙo a 1995, aka gyara ta aka sake mata suna TLS a 1999, kuma sabon tsarinta na baya ya fito a 2018. Shafin da ke aiki da ita adireshinsa yana farawa da https. Abin da ke faruwa shi ne, da burauza ta isa shafin banki, sai bankin ya nuna mata takardar shaida mai hatimin wata hukuma da burauzar ta yarda da ita, kana su biyun su shirya wani irin zaurance wanda ba mai jinsa sai su. Zaurancen nan kuwa na wannan zama ne kaɗai, gobe wani za su shirya.

To, amma shekara da shekaru bankuna da manyan kantuna ne kawai suka damu da wannan kwaɗo, saboda takardar shaidar saye ake yi, sanya ta kuma da wuya. Malamin ya daɗe a kan shekarar 2010, wadda ya ce a cikinta 'yan ƙari biyu suka fito suka sauya al'amarin. Ɗan ƙari, wanda masana ke kira ekstenshan, ƙaramar manhaja ce da ake liƙa wa burauza domin ta yi wani aikin da ba a ƙera ta da shi ba, kamar toshe talla ko fassara shafi ko ɗaukar hotonsa.

Na farkon shi ne HTTPS Everywhere, wanda ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin jama'a a intanet ta fito da shi a watan Yuni tare da masu aikin Tor. Aikinsa ɗaya ne tak. Yana riƙe da jerin shafukan da ke da ƙofa biyu, ta buɗe da ta kulle, in mutum ya nufi ta buɗen sai ya juya shi zuwa ta kullen. Jerin yana cikin kwamfutar mutum, don haka ba sai an kai rahoton inda ya je wani wuri ba, kuma rubutun manhajar a fili yake, duk masanin da ya so yana iya dubawa. Na biyun, Firesheep, wani mai rubuta manhaja Eric Butler ya sake shi a watan Oktoba domin ya kunyata manyan kamfanoni. A lokacin shafuka da yawa sukan kulle wurin shigar da kalmar sirri kawai, sa'an nan su ba mutum wata 'yar alama mai kama da tikitin tasha, wadda ke yawo a buɗe. Mai Firesheep in ya zauna a otal ko filin jirgin sama inda ake raba intanet kyauta, sai ya tsinci tikitin maƙwabcinsa ya shiga Facebook ɗinsa kamar shi ne mai shi. Ba a daɗe ba Facebook ya ba da zaɓin kullewa a Janairun 2011, ya kuma mai da shi dole ga kowa a 2013.

Daga nan abin ya yi sauri, in ji malamin. Tonon asirin da Edward Snowden ya yi a 2013 a kan leƙen da hukumomin Amurka ke yi ya ƙara tsorata kamfanoni. Wata hukuma mai suna Let's Encrypt ta fara raba takardun shaida kyauta a ƙarshen 2015. A watan Yulin 2018 Chrome ta fara rubuta gargaɗi a kan duk shafin da ba shi da kwaɗo, Firefox kuma a Nuwamban 2020 ta sanya wani maɓalli na ƙin buɗe shafin da ba kulle. Ganin cewa burauzoji da kansu sun ɗauki aikin, EFF ta sanar a 2021 cewa HTTPS Everywhere ya gama abin da ya kawo shi, aka kuma ajiye shi a farkon 2023. Malamin ya ce duk wanda ya ga ana tallar wani abu da wannan suna yau, to, ya yi hattara, domin masu shi na ainihi sun daina.

Abin da Jos ta sani

Sa'an nan ya juyo gida. Ya tuna wa jama'a cewa Jami'ar Jos, wadda ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Badun kafin ta tsaya da ƙafarta a 1975, tana da hannu a tarihin intanet na ƙasashe masu ƙarancin hanya. Wani Ba'amurke, Cliff Missen, ya koyar a can a ƙarshen shekarun 1990 a ƙarƙashin shirin Fulbright, ya ga yadda malami ke shafe lokaci mai tsawo yana jiran shafi ɗaya ya buɗe. Da ya koma Jami'ar Iowa aka kafa shirin WiderNet a 2000, wanda ya haifi eGranary, watau rumbun intanet. Ana kwafo shafuka da littattafai bisa izinin masu su, a zuba a faifai ɗaya, a kawo shi makaranta, kowa ya ɗiba ba tare da ya fita waje ba.

Ya ce ƙarancin nan ya koya wa makarantu da yawa a Afirka wata dabarar kuma, ta ajiye kwamfuta a tsakiya tana adana kwafin duk shafin da wani ya buɗe, domin na bayansa ya samu nan take ba tare da an sake biyan kuɗin hanya ba. Kulle saƙo ya karya wannan dabara, saboda na'urar tsakiya ba ta iya adana abin da ba ta gani. Lalle wannan hasara ce, kuma talaka ta fi shafa, in ji shi, bai kamata masana su riƙa magana kamar kwaɗon nan kyauta ya zo ba. Amma duk da haka a ganinsa cinikin ya yi riba, domin na'urar da ke iya adana wa ɗalibi darasi ita ce kuma ke iya karanta takardar bankin ubansa.

Abin da kwaɗo bai iya ba

Malamin ya gargaɗi jama'a kada su ɗora wa kwaɗon abin da ya fi ƙarfinsa. Yana ɓoye abin da ke cikin ambulan, amma yawanci ba ya ɓoye adireshin da ke bayansa. Kamfanin waya yana iya sanin sunan shafin da mutum ya ziyarta, da lokacin, da yawan datar da ya ci, kuma sashe na 38 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin su ajiye irin wannan bayani har shekara 2. Haka kuma kwaɗo ba ya amfani in an yanke hanyar gaba ɗaya, kamar yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna.

Mafi muni kuwa, kwaɗo ba shaidar gaskiya ba ne. Tun da takardar shaida ta zama kyauta, ɗan damfara ma yana karɓarta ya sa wa shafinsa mai kama da na banki. Abin da kwaɗon ke cewa kawai shi ne ba mai jin maganarku a hanya, bai ce wanda ake maganar da shi mutumin kirki ne ba. Google ya ce a wani bincike da ya yi a 2021 kashi 11 cikin ɗari ne kaɗai suka fahimci ainihin ma'anar alamar, shi ya sa aka cire hoton kwaɗon daga Chrome a 2023 aka sa wata alama. Saboda haka sunan shafin ne abin karantawa harafi bayan harafi.

Baƙon da ke cikin ɗaki

A nan ne malamin ya kai ga abin da ya ce shi ne zuciyar jawabinsa. Zaurancen nan yana ƙarewa ne a cikin burauza, domin dole a warware shi kafin mutum ya karanta. Ɗan ƙari kuwa a cikin burauzar yake zaune, watau a daidai wurin da aka buɗe ambulan. Kowane ɗan ƙari yana zuwa da wata takarda da maƙerinsa ya rubuta, mai lissafa izinin da yake nema, kuma burauza takan nuna wa mutum kafin ya yarda. Mafi girman izinin shi ne na karantawa da sauya duk abin da ke kan duk shafukan da aka buɗe. Wanda ya ba da wannan, ya ba da lambar asusunsa da kalmar sirrinsa da wasiƙunsa, kome ƙarfin kwaɗon bankin. Yawancin mutane kuwa, in ji shi, ba sa karanta gargaɗin, Turanci ne, kuma suna sauri.

Ya kawo misalin da ya shafi Nijeriya kai tsaye. A 2022 kamfanin McAfee ya gano 'yan ƙari 5 na Chrome waɗanda aka saukar sau miliyan 1.4, cikinsu har da Netflix Party da wani na ɗaukar hoton shafi, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, kuma ta yi wa 'yan Nijeriya gargaɗi a kansu. Abin lura shi ne suna yin aikin da suka yi alkawari, shi ya sa ba wanda ya zarge su. Amma a ɓoye suna kai rahoton duk shafin da mutum ya buɗe, in kuma ya shiga kantin intanet sai su cusa alamar masu su cikin cinikin. 'Yan kasuwar da ke wurin suka yi dariya sa'ad da ya kwatanta su da dillalin da bai kawo mai saye ba, bai kawo mai sayarwa ba, amma ya laɓe ya karɓi la'ada.

Akwai kuma wanda ya shigo da gaskiya daga baya ya lalace, kuma wannan ya fi wuyar ganewa, domin ɗan ƙari yana sabunta kansa ba tare da ya sake neman izini ba muddin bai ƙara abin da yake nema ba. The Great Suspender yana da masu amfani da shi fiye da miliyan 2, mai shi ya sayar da shi ga wani wanda ba a san ko wane ne ba a 2020, sabon mai shi ya cusa masa mugun abu, Google ya cire shi a Fabrairun 2021. Stylish ma an kama shi a 2018 yana tattara tarihin yawon mutane bayan ya sauya hannu. A Disamban 2024 kuma aka yaudari wani ma'aikacin kamfanin tsaro mai suna Cyberhaven da wasiƙar ƙarya, ɓarayi suka saki gurɓataccen ɗan ƙari da sunan kamfanin. Ya ce wannan kamar mutum ne ya ba amintaccen yaronsa mabuɗin shago, yaron ya sayar da aikinsa ga wani, sabon ya zo da riga iri ɗaya, mai shago bai ɗaga kai ya duba fuska ba.

Ya taɓo zancen VPN, wanda 'yan Nijeriya da yawa suka fara sani sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga ran 5 ga Yuni 2021 zuwa ran 13 ga Janairu 2022. VPN yana ɓoye wa kamfanin waya adireshin da mutum ya nufa, amma yana nuna shi ga mai VPN ɗin, ashe ke nan amana aka ɗauke daga hannu aka sa a wani hannu. Na kyauta kuwa sai an tambayi abin da yake ci. A 2015 aka gano cewa Hola yana sayar da hanyar intanet ta masu amfani da shi ga wasu, har aka kai wa wani shafi hari ta cikin kwamfutocinsu ba su sani ba.

Ga masu ƙera manhaja

Da ya juya ga ɗalibai da matasan da ke koyon rubuta manhaja a jami'a da cibiyoyi irin su nHub ta Jos, malamin ya ce ingancin ɗan ƙari yana ga ƙanƙantar abin da ya nema. In aikinsa fassara shafi ne, akwai izinin da ke buɗe masa shafi ɗaya kawai, a lokacin da mai kwamfuta ya danna shi, ba shi da hujjar neman duk shafuka dare da rana. Abin da za a iya yi a cikin kwamfutar mutum kada a aika da shi waje, rubutun manhajar a bar shi a fili, in kuma wani baƙo ya zo da tayin saye, maƙeri ya san cewa jama'arsa ake taya, ba 'yan layukan da ya rubuta ba. Ya roƙe su kuma su riƙa rubuta bayanin izini da Hausa da sauran harsunan Filato, yadda dattijo zai gane abin da yake yarda da shi.

Ya ambaci sabon tsarin Google mai suna Manifest V3, wanda ya hana ɗan ƙari ɗauko umarni daga waje bayan an tantance shi, abin da ya kira gyara na gaske. Amma tsarin ya rage wa masu toshe talla ƙarfi, har cikakken uBlock Origin ya daina aiki a Chrome bayan an fara kashe tsohon tsari a 2024, ko da yake yana nan a Firefox. EFF ta soki wannan, kuma malamin ya ce ba laifi ba ne mutum ya tuna cewa mafi yawan kuɗin Google daga talla suke fitowa.

Da aka ba da damar tambaya, wani dattijo mai fataucin dankali ya ce, Allah ya gafarta Malam, shi ba shi da kwamfuta, waya kawai gare shi, shin wannan magana ta shafe shi? Malamin ya amsa wa Alhajin cewa Chrome ta wayar Android ba ta karɓar 'yan ƙari, Firefox ce ke karɓa, saboda haka ta wannan gefe hankalinsa ya kwanta. Sai dai duk ran da ya ba yaron shagon kafe ko wakilin banki lambobinsa a shigar masa a kwamfuta, to, ya shiga ɗakin da bai san baƙin da ke ciki ba, kuma gara ya sauya kalmar sirrinsa da ya koma gida. Manhajojin VPN da na allon rubutu da ake saukarwa a waya su ma irin wannan zama suke yi kusa da mutum.

Wata ɗaliba kuma ta yi tambaya a kan Opera Mini, wadda ta ce ita ce ke rage mata cin data. Malamin ya ce gaskiya ne tana ragewa, kuma hanyar da take bi ita ce in an sa ta a matakin tsimi mafi tsanani, kwamfutocin kamfanin ne ke buɗe shafin a madadin mutum, su matse shi, sa'an nan su aiko masa, watau ambulan a hannunsu ake buɗe shi a sake liƙewa. Kamfanin da kansa bai ɓoye wannan ba. Ya shawarce ta ta karanta labarai da ita in ta so, amma ran biyan kuɗin makaranta ta kashe tsimin ko ta buɗe wata burauzar. Game da wanda aka tattara bayanansa ba da izininsa ba, ya ce dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta kafa hukumar NDPC a Abuja, kuma tana karɓar ƙara daga kowace jiha.